Wane Gini ne Mafi Tsayi? Ya Danganta da Inda Aka Tsayar da Awo

"Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne mai shirin karantar injiniyancin gine-gine. Na zauna in haɗa jerin gine-gine mafi tsayi a Amurka da kuma na duniya baki ɗaya, sai na rikice. An ce One World Trade Center ne mafi tsayi a Amurka, amma a hoto na ga rufinsa bai kai na wasu ba. A duniya kuma Merdeka 118 ke na biyu, amma wani ya ce mini wanda ke hawan ƙarshe na Hasumiyar Shanghai ya fi wanda ke hawan ƙarshe na Merdeka nisa daga ƙasa. Wanne ne gaskiya? Sannan me ke hana a gina mai tsayin kilomita biyu ko uku?"

Ƙanena, ba a banza ka rikice ba. Duk abin da ka ji ɗin nan gaskiya ne, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikin masu jerin. Abin da kake tambaya shi ne: idan aka ce gini ya fi wani tsayi, daga ina aka fara awo, a ina aka tsaya, kuma wa ya yanke hakan? Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi yi mini daɗi domin ita ce sana'ata: mene ne ke taka wa tsayi birki? Aikina lissafin ƙarfin gini ne, wato in tabbatar abin da mai zane ya zana zai tsaya da ƙafarsa. Gine-ginen da na riƙe lissafinsu ba su kai hawa hamsin ba, don haka abin da zan faɗa maka a kan masu hawa ɗari ya fito ne daga ƙa'idojin da muke aiki da su kullum, da kuma abin da injiniyoyin da suka gina su suka bayyana. Ƙa'idar ɗaya ce, girman matsalar ne ke canzawa.

Wa ke riƙe da ma'auni

Akwai wata ƙungiya ta masu zane da injiniyoyi da aka kafa a Amurka a 1969, an fi saninta da CTBUH a taƙaice, hedikwatarta tana Chikago. Babu dokar da ta naɗa ta alƙali, amma duniya ta yarda da hukuncinta, kuma kusan duk jerin da za ka gani daga gare ta aka ɗebo shi. Ma'auni uku take da su. Dukkansu suna farawa daga wuri ɗaya, bakin ƙofar shiga mafi ƙasa da mutane ke bi da ƙafa daga waje, don haka benayen ƙarƙashin ƙasa ba sa cikin lissafi. Ma'auni na farko yana tsayawa a ƙololuwar abin da mai zane ya zana a matsayin jikin gini, har da tsinin da ake kafawa a sama don ado, amma ban da eriya, sandar tuta ko allon talla. Na biyu yana tsayawa a hawan ƙarshe da mutane ke zama ko aiki a cikinsa. Na uku yana zuwa har can ƙarshen duk abin da ke bisa ginin, ko eriya ce ko sandar kama tsawa. Idan jarida ta ce "mafi tsayi" ba ta ƙara komai ba, na farkon take nufi.

Akwai kuma sharaɗin da ke fitar da wasu daga gasar gaba ɗaya. Kafin a kira abu gini, sai aƙalla rabin tsayinsa ya kasance benaye ne da mutane ke amfani da su. Shi ya sa ba za ka ga Tokyo Skytree mai mita 634 ba, ko Hasumiyar CN ta Toronto mai mita 553, duk da tsayinsu. Hasumiyoyin watsa shirye-shirye ne da na leƙen gari, jerinsu daban.

Wannan ƙa'ida ta tsini da eriya ita ce uwar rikicin. Hujjar ƙungiyar ita ce, eriya kamar hula take a kan mutum: gobe ana iya cire ta a sa wata, ba a auna tsayin mutum da ita. Tsini kuwa sashen jiki ne, idan ka cire shi ka canza kamannin ginin. Hujja ce mai hankali, ban ƙi ta ba. Amma ta buɗe wata ƙofa da masu kuɗi suka daɗe suna bi. Tun a 1929 aka fara, lokacin da ginin Chrysler da na lamba 40 a titin Wall Street ke tseren zama mafi tsayi a New York. Masu Chrysler suka harhaɗa tsinin ƙarfe a ɓoye a cikin rufin gininsu, suka jira har abokin gasar ya ƙure tsayinsa a mita 283, sannan suka ɗago tsinin suka kafa, ginin ya koma mita 319. Cikin shekarun 1990 abin ya sake tashi da ƙarfi. Tagwayen hasumiyoyin Petronas na Kuala Lumpur, masu hawa 88, sun kai mita 452 da tsininsu. Hasumiyar Sears ta Chikago, wadda yanzu ake kira Willis, tana da sama da hawa ɗari, rufinta yana mita 442, eriyoyinta sun wuce Petronas nesa ba kusa ba. Aka ba Petronas kambun da tazarar mita goma. Mutanen Chikago ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiyarsu, domin wanda ke hawan ƙarshe na Sears yana kallon hawan ƙarshe na Petronas ne daga sama. Wannan gardamar ce ta sa ƙungiyar ta faɗaɗa ma'aunanta, ta daina dogaro da guda ɗaya.

Batun Amurka

Yanzu mu dawo kan abin da ka gani a hoto. One World Trade Center, wanda aka kammala a 2014, tsayinsa mita 541 ne, wato ƙafa 1,776. Ba tsautsayi ba ne, 1776 ce shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta, kuma an zaɓi lambar tun kafin a haƙa tushe. Rufinsa yana mita 417, daidai da rufin hasumiyar arewa ta tsofaffin tagwayen World Trade Center da aka rushe a harin 2001. Sauran mita 124 ɗin dogon ƙarfe ne tsaye a sama. A zanen farko an shirya lulluɓe ƙarfen da wata riga ta ado, daga baya aka fasa rigar, ƙarfen ya tsaya tsirara. Nan mutane suka ce ai wannan eriya ce kawai. A watan Nuwamba na 2013 ƙungiyar ta zauna ta yanke cewa tsini ne, domin an zana shi ya dawwama a matsayin sashen ginin. Da hukuncin ya juya, da ginin bai ko kamo Willis ba.

Saboda haka a ma'auni na farko One World Trade Center ne kan gaba, sai Central Park Tower mai mita 472 da aka kammala a 2020, sai Willis mai 442, sai siririn nan na lamba 111 a titin West 57 mai mita 435, sannan One Vanderbilt da 432 Park Avenue da ke kusa da juna a 427 da 426. Ban da Willis, dukkansu a New York suke. Amma idan tambayarka ita ce wane gini ne ya ɗaga mutum sama fiye da kowanne a ƙasar, Central Park Tower ne, wanda gidajen zama ne, kuma Willis ma ta fi One World Trade Center ta wannan fuskar. Idonka bai yaudare ka ba.

Amurka ce ta haifi wannan sana'a, kuma ta riƙe kambun kusan ƙarni guda. Empire State, mai mita 381, an gama shi a 1931 cikin wata goma sha uku da 'yan kwanaki, ya riƙe matsayin farko kusan shekara arba'in har tagwayen World Trade Center suka zo a farkon shekarun 1970. Yau gini ɗaya tak ƙasar ke da shi a cikin goman farko na duniya.

Goman farko na duniya

Burj Khalifa na Dubai ba shi da abokin gardama. Mita 828, hawa 163, an buɗe shi a Janairun 2010, kuma a ma'aunan uku duka shi ne na ɗaya. Tsayinsa ya kai matsayin da rana kan faɗi ga na ƙasa alhali na sama suna ganinta, har malaman Dubai suka ba da fatawa a 2011 cewa mazauna sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin buɗa baki, na sama da hawa na 150 kuma minti uku. Bayansa sai Merdeka 118 na Kuala Lumpur, mita 679, da aka kammala a 2023. Sai Hasumiyar Shanghai, mita 632, a 2015. Sai Hasumiyar Agogon Makka da ke fuskantar Harami, mita 601, a 2012. Waɗannan huɗun ne kaɗai suka haura mita 600. Daga nan sai Ping An na Shenzhen mai mita 599, Lotte na birnin Seoul mai 555, One World Trade Center, wasu biyu masu mita 530 a Guangzhou da Tianjin, sannan CITIC na Beijing mai 528. Rabin goman a ƙasar Sin suke.

To ga inda lissafin ke juyewa. Hawan ƙarshe da ake amfani da shi a Burj Khalifa yana wajen mita 585. Abin da ke sama da shi, sama da mita 240, tsini ne da wuraren na'urori. Kusan kashi 29 cikin ɗari na tsayin ginin babu mai zama a ciki. Hawan ƙarshe na Hasumiyar Shanghai yana ƙasa da na Burj Khalifa da 'yan mitoci kaɗan ne kawai, alhali a takarda tazararsu mita 196 ce. Merdeka kuwa hawansa na ƙarshe ya ɗan haura mita 500 ne, sauran dogon tsini ne. Wanda ya faɗa maka cewa mutumin Shanghai ya fi na Merdeka nisa daga ƙasa ya faɗi daidai, da tazara mai yawa ma.

Idan ka tambaye ni ra'ayina, ma'auni na biyu na fi girmamawa. Kafa tsinin mita ɗari a saman gini aiki ne, ba na raina shi, amma bai kama ƙafar wahalar kai mutum wannan tsayin ba. Inda mutum zai zauna sai an kai masa ruwa, wuta, iska mai sanyi, lif, da hanyar tsira idan gobara ta tashi. A nan gumin injiniya yake. Na taɓa zama da wani mai gini da ya ce in ƙara masa sanda a rufi don ya zarce ginin maƙwabcinsa. Na yi lissafin na ba shi, domin haƙƙinsa ne, amma na gaya masa cewa maƙwabcin ma yana da rufi, kuma sanda ba ta da tsada.

A Afirka, Carlton Centre na Johannesburg mai mita 223 ya riƙe matsayin farko daga 1973 har zuwa 2019. Yanzu Iconic Tower na sabon babban birnin da Masar ke ginawa gabas da Alƙahira ne ke gaba, da kusan mita 390.

Me ke taka wa tsayi birki

Yawancin mutane suna zaton nauyi ne. Da can haka ne. Lokacin da bango ke ɗaukar gini, kowane hawa ka ƙara sai ka ƙara kaurin bangon ƙasa. Ginin Monadnock na Chikago, mai hawa 16, da aka yi a 1891, bangonsa na ƙasa ya kai kaurin mita 1.8. Da an ci gaba a haka, da hawan ƙasa ya zama bango zalla. Abu biyu suka kwance wannan ƙulli: ƙashin gini na ƙarfe, wanda aka fara gani a ginin Home Insurance na Chikago a 1885, da kuma birkin lif da Elisha Otis ya ƙirƙiro a shekarun 1850, wanda ya sa mutane suka yarda su shiga akwatin da igiya ke ja. Yau kankare da ƙarfen da muke da su suna iya ɗaukar nauyin ginin da ya fi Burj Khalifa tsayi sosai.

Babban abokin gaba iska ce. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna gini da shi ninki huɗu yake yi. Can sama kuma ta fi gudu, domin babu bishiya ko gida da ke tare ta. Idan ka ninka tsayin gini biyu ba ka ƙara faɗinsa ba, ƙarfin da ke neman tuge shi daga gindi ya ninka huɗu ko fiye, lanƙwasar samansa kuma tana iya kaiwa ninki goma sha shida. Wanda ya fara fahimtar yadda za a biya wannan bashin cikin rahusa shi ne Fazlur Rahman Khan, injiniya haifaffen Dhaka da ya yi aiki a Chikago. Ya ce maimakon a bar ginshiƙai a warwatse a ciki, a jera su kusa da juna a bangon waje a ɗaure su, ginin gaba ɗaya ya zama bututu mai tauri. Da wannan tunanin aka yi John Hancock Center a 1969, aka kuma yi Sears, wadda bututu tara ce aka ɗaure wuri guda, wasu sun fi wasu tsayi. Duk wanda ke wannan sana'a a yau yana cin albarkacin mutumin nan.

Amma turawar iska kai tsaye ba ita ce ta fi ba mu tsoro ba. Iska idan ta bugi gini takan rabu biyu ta zagaya, ta riƙa sakin ƙananan guguwa a bayansa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, bi da bi. Kowace ta saki sai ta ja ginin zuwa gefenta. Kowane gini kuma yana da nasa lokacin lilo. Burj Khalifa yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 11 kafin ya je ya dawo. Idan sakin guguwar ya dace da wannan lokacin, kowace ja tana ƙara wa wadda ta gabace ta, lilon ya riƙa girma. A watan Mayu na 2021 ginin SEG Plaza na Shenzhen ya yi ta rawa da rana tsaka babu girgizar ƙasa, mutane suka fito da gudu. Bincike ya nuna dogayen sandunan rufinsa ne iska ta kama ta wannan hanyar, aka sauke su.

Shi ya sa siffar dogayen gine-ginen zamani ba ado ba ce kawai. Burj Khalifa yana da fukafukai uku da ke tokare ginshiƙin tsakiya, kuma suna raguwa mataki-mataki suna zagayawa yayin da ginin ke hawa, ta yadda faɗinsa ke canzawa a kowane tsayi, guguwar ba ta samun damar haɗa kai. Hasumiyar Shanghai an murɗa ta digiri 120 daga ƙasa zuwa sama, masu zanenta suka ce hakan ya rage ƙarfin iska da kusan kashi 24 cikin ɗari. 432 Park Avenue an bar wasu benayensa a buɗe babu gilashi don iska ta wuce. Taipei 101 kuwa, mai mita 508, da ke Taiwan, ƙasar guguwa da girgizar ƙasa, an rataye masa dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 tsakanin hawa na 87 da na 92. Idan ginin ya karkata dama, dunƙulen yakan yi jinkiri ya ja shi baya, wasu na'urori masu mai a ciki su shanye ƙarfin motsin.

Ka lura, duk wannan wahalar yawanci ba don gudun faɗuwa ba ce. Ƙa'idar da muke yawan bi ita ce saman gini kada ya kauce fiye da kashi ɗaya cikin ɗari biyar na tsayinsa a babbar iska, wato mita ɗaya ga gini mai mita 500, kuma ginin yana iya jure fiye da haka lafiya lau. Mutum ne ba ya jurewa. Kunnen ɗan Adam yana jin motsi kaɗan, zuciya ta fara tashi, ya ga fitilar rufi na lilo, ya ga ruwa na motsi a baho. Wanda ya sayi gida a hawa na casa'in ba zai saurari bayanin cewa ginin ba zai faɗi ba. Shi ya sa ma'aunin gidajen zama ya fi na ofis tsauri.

Abin da ba ya cikin littafi shi ne maƙwabta. Na taɓa kai samfurin wani gini ɗakin gwajin iska, inda ake ƙera ƙaramin kwafin ginin da na unguwar duka a kan faifai mai juyawa, a hura musu iska ta kowace kusurwa. Lissafinmu na takarda ya ce iskar da ke bugun faffaɗan gefe ce mafi muni. Gwajin ya nuna wata ce daban, wadda ke zuwa a karkace bayan ta matse tsakanin wasu gine-gine biyu. Tun daga nan ba na yarda a tsallake wannan gwajin a gini mai tsayi ko siriri. Labarin ginin Citicorp na New York darasi ne da ake koya wa kowane ɗalibi: a 1978, bayan an gama shi mutane sun shiga, injiniyansa William LeMessurier ya sake lissafi ya gano cewa iskar da ke zuwa ta kusurwa na iya fin ƙarfin mahaɗan ƙarfen, waɗanda aka ɗaure da kusoshi maimakon walda. Ya fito ya faɗa wa masu ginin, aka yi ta walda da dare har aka gyara. Idan ka shiga wannan sana'a, mutumin nan ya cancanci ka san sunansa.

Birki na biyu lif ne. Igiyar ƙarfe idan ta kai wajen mita 500, nauyin kanta ya zama matsala, shi ya sa a manyan gine-gine ake sauka a wani zaure a tsakiya a canza lif. Kamfanin KONE ya fito da igiya mara nauyi ta zaren kabon da aka ce tana iya kai mita dubu. Gudu ma yana da iyaka: lif mafi sauri a Shanghai da Guangzhou suna yin sama da mita 20 a daƙiƙa wajen hawa, amma wajen sauka dole a rage, domin kunne ba ya jure saurin canjin matsin iska. Babbar matsalar ma ita ce wuri. Kowane hawa ka ƙara, ka ƙara mutanen da za a ɗauka, ka ƙara ramukan lif, kuma ramukan nan ta cikin benayen ƙasa suke ratsawa. Akwai tsayin da idan ka wuce shi, filin da kake samu a sama bai kai wanda lif da ginshiƙai ke cinyewa a ƙasa ba.

Tushe kuwa ya danganta da abin da Allah ya ajiye a ƙarƙashin filin. Burj Khalifa yana zaune a kan faifan kankare mai kaurin mita 3.7, ƙarƙashinsa turaku kusan ɗari biyu da suka nutse wajen mita 50, kuma gogayyar jikinsu da ƙasa ce ke riƙe su. A Petronas sai da aka matsar da ginin daga inda aka fara shiryawa saboda dutsen ƙarƙashin yana da koguna, wasu turakun suka wuce mita 100. Akwai kuma wata matsala mai tafiyar hawainiya da na sha gani ko a gini mai hawa talatin: kankare yana tsukewa a hankali ƙarƙashin nauyi, shekara da shekaru, kuma ginshiƙan waje ba sa tsukewa daidai da na tsakiya. Idan ba a lissafa ba tun farko, daɓe ya karkace, bangon raba ɗaki ya tsage, bututun ruwa ya matse. A gini mai hawa ɗari ana zuba kowane hawa da ɗan ƙari don a tari wannan tsukewar.

Kilomita biyu ko uku

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1956 Frank Lloyd Wright ya zana gini mai tsayin mil guda don Chikago, ba a gina shi ba. A fahimtata, gini mai kilomita biyu ba ya fi ƙarfin kayan aikin da ake da su, in dai za a yarda gindinsa ya yi faɗin unguwa guda. Abin da zai kayar da shi lissafin kuɗi ne. Dogon gini na gaske yana da dalili: inda fili ya yi tsada ƙwarai, kamar tsibirin Manhattan ko Hong Kong, hawa sama ya fi sayen ƙasa sauƙi. Amma wannan dalilin yana ƙarewa tun kafin mita 600. Abin da ya wuce nan suna ake saye. Wani lokacin kwalliya na biyan kuɗin sabulu ta wata hanya, kamar yadda Burj Khalifa ya ɗaga darajar filaye da shaguna da otal-otal da ke kewaye da shi. Amma ka tuna an fara shi da sunan Burj Dubai. Sai da bashi ya kama Dubai a 2009, Abu Dhabi ta kawo ɗauki, aka buɗe shi da sunan Sheikh Khalifa, sarkin Abu Dhabi na lokacin. Empire State ma ya yi shekaru ofisoshinsa da yawa babu masu haya, domin an gama shi a tsakiyar karayar tattalin arziki.

Ƙasar Sin, wadda ta fi kowa yawan dogayen gine-gine, ita da kanta ta ja layi. Daga 2020 zuwa 2021 gwamnati ta hana sababbin gine-gine da suka haura mita 500, ta kuma tsaurara izinin waɗanda suka haura 250, saboda tsadar kula da su, ofisoshin da ba kowa, da wahalar kashe gobara a tsayin da tsanin motar kwana-kwana ba ya kaiwa. A irin wannan tsayin ginin ne ke kashe wutar kansa, da bututun yayyafa ruwa da tankuna a matakai daban-daban da benayen fakewa, kuma duk wannan sai an ci gaba da kashe masa kuɗi muddin ginin na tsaye. Ina ganin hukuncin nasu daidai ne.

Wanda ake sa ran zai karɓe kambun shi ne Hasumiyar Jidda a Saudiyya, da aka tsara ta haura mita dubu, kuma Adrian Smith, wanda ya zana Burj Khalifa, shi ya zana ta. An fara aikin a 2013, ya tsaya a 2018 bayan an kai hawa sittin da 'yan kai, aka koma kansa gadan-gadan a farkon 2025. Kada ka sa ta a jerinka tukuna. Ƙa'idar ita ce gini ba ya shiga sai an kammala shi an fara amfani da shi. Goldin Finance 117 na Tianjin ya kai cikakken tsayinsa na mita 597 tun 2015, kuɗi suka ƙare, ya yi kusan shekara goma a tsaye babu kowa, kuma duk tsawon lokacin ba a ƙirga shi. Otal ɗin Ryugyong na Koriya ta Arewa, mai mita 330, an fara shi a 1987, har yau bai karɓi baƙo ba.

A teburin da kake haɗawa, ka ba kowane gini layi huɗu: tsayinsa har tsini, tsayin hawan ƙarshe da ake amfani da shi, tsayinsa har ƙarshen eriya, da shekarar kammalawa. Ka ware waɗanda ake kan ginawa a shafi daban, ka kuma rubuta shekarar da ka haɗa jerin a samansa, domin matsayi na biyu kaɗai ya canza hannu sau uku tsakanin 2012 da 2023.